Bayani Ga Jama'a Game Da Neman Kayan Gyara Da Gyaran Tsofaffin Babura

Gabatarwa

A yawancin garuruwa da ƙauyukan jiharmu, babur ya daɗe da zama abin hawan talaka. Da shi malamin makaranta ke zuwa wurin aiki, da shi manomi ke ɗaukar taki zuwa gona, kuma sau da dama a kansa ake garzayawa da mara lafiya asibiti daga ƙauyen da mota ba ta iya shiga da damina. Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin sabon babur ya yi tashin da ya fi ƙarfin magidanta da yawa. A sakamakon haka mutane suka koma ga baburan da suke da su, har ma da waɗanda aka daɗe da jinginewa a zaure.

Mun ga ya dace mu yi wa jama'a wannan bayani ne saboda yawan asarar da ake tafkawa wajen gyara. Mutum yakan kashe kuɗi mai yawa a kan babur, bayan 'yan makonni ya koma gidan jiya. Idan aka bincika, galibi za a tarar cewa an sa wa babur ɗin kayan da ba nasa ba ne, ko jabu, ko kuma an canza wani sashe bisa zato ba tare da an yi awo ba. Tsohon babur yana iya ƙara shekaru masu yawa yana aiki, matuƙar mai shi ya san irinsa, ya san abin da zai saya, ya kuma san inda bai kamata ya nemi araha ba.

Asalin baburan da ke hannun jama'a

Ana iya kasa tsofaffin baburan da ke ƙasar nan gida uku. Kashi na farko su ne na Japan da Italiya, waɗanda suka yawaita a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da ƙaramin ma'aikaci ke iya sayen sabo da bashin da ake cirewa daga albashinsa. Daga cikinsu akwai Honda Benly da Roadmaster mai silinda biyu, da CG 125 wanda aka fara ƙerawa a 1975, da ƙananan Honda samfurin Cub da suka samo asali tun 1958, da Suzuki A100, da Yamaha, da kuma Vespa ta kamfanin Piaggio na Italiya. Kamfanin Honda ya kafa reshensa na Nijeriya a 1979, da masana'antar harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun.

Bayan ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, sabon babur ɗan Japan ya yi tsada, jama'a suka karkata ga na hannu da ake shigowa da su daga waje. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma sai baburan China suka cika kasuwa, irin su Jincheng da Lifan da Qlink da Haojue. Waɗannan su ne kashi na biyu. Kashi na uku su ne na Indiya, musamman Bajaj Boxer da TVS, waɗanda masu jigilar kaya da mutanen karkara suka runguma saboda juriyarsu.

Sanin wannan tarihi yana da amfani ga mai neman kayan gyara, domin da yawa daga baburan China an ƙera su ne a kan fasalin na Japan. Jincheng AX100 ya bi tsarin Suzuki AX100. Injinan China masu yawa na 125 da 150 sun bi tsarin CG 125, ƙananan baburan da ake kira roba-roba kuwa injinsu ya samo asali ne daga Cub. Haka nan a Indiya an ƙera Bajaj Chetak da LML a kan fasalin Vespa. Saboda haka babur ɗin da kamfaninsa ya daina ƙerawa tuntuni yakan sami kayan gyara daga danginsa. Sai dai kama da wane ba ta wane, kuma daga nan ne mafi yawan kurakurai ke tasowa.

Sanin babur kafin zuwa kasuwa

Abu na farko da ya wajaba mai babur ya sani shi ne irin injinsa. Akwai inji mai bugu biyu, wanda yake ƙona baƙin mai tare da fetur, yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Suzuki A100 da AX100 da tsohuwar Vespa da Yamaha RX duk suna cikin wannan rukuni. Irin wannan inji ba shi da bawul, kuma man 2T ne abincinsa, ko dai a zuba a ƙaramin tankinsa na daban, ko a gauraya da fetur bisa ma'aunin da kamfani ya ƙayyade. Akwai kuma inji mai bugu huɗu, kamar na CG 125 da Cub da Boxer, wanda baƙin mansa ke zaune a ƙasan inji, yana da bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi. Manyan kamfanoni sun janye daga ƙera baburan hawa masu bugu biyu saboda dokokin hana gurɓata iska, shi ya sa kayansu na asali ke ƙara wuya a kasuwa.

Abu na biyu shi ne lambobi. Sunan da ke jikin tanki ba hujja ba ne, domin ana canza tanki, ana kuma sayar da takardar manna suna a ko'ina. Lambar shasi tana buge a wuyan babur, ƙasa da kan tuƙi, lambar inji kuwa galibi tana gefen hagu na ƙasan inji. A injinan China lambar tana bayyana girman inji. Idan aka ga 156FMI, to inji ne na 125 mai tsarin CG, wanda faɗin ramin bulok ɗinsa ya kai milimita 56.5. Idan 162FMJ ne, na 150 ne mai milimita 62. Lamba 147FMD ta ƙaramin inji ce na 70, ita kuwa 152FMH ta na 110 ce. Muna ba da shawarar kowane mai babur ya rubuta waɗannan lambobi a takarda, ya kuma ɗauki hotonsu a wayarsa.

Abu na uku shi ne tsarin wuta. Baburan da suka fi tsufa suna aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 6 da kwantak, na baya-bayan nan kuma bolt 12 da akwatin CDI. Ƙwan fitila da kwayil da batir na ɗayan ba sa aiki daidai a ɗayan. Wanda ya sa ƙwai mai bolt 6 a babur mai bolt 12 zai ƙone shi nan take, wanda ya yi akasin haka kuwa zai riƙa tafiya da dare da fitilar da ba ta fi aci-balbal haske ba.

Nau'o'in kayan gyara

Kayan da ake samu a kasuwa iri huɗu ne. Akwai na asali, wanda kamfanin babur ɗin ya fitar da lambarsa. Akwai wanda wani kamfani mai suna ya ƙera da sunan kansa domin ya dace da babur ɗin. Irin wannan halal ne, kuma wani lokaci ingancinsa ba ya kasa na asali. Akwai na hannu, wanda aka ciro daga wani babur. Sannan akwai jabu, wato kaya mara inganci da aka saka a kwali mai ɗauke da sunan sanannen kamfani domin yaudarar mai saye.

Jabu ya fi yawa a kayan da ake saye kullum, kamar fulogi da boris da baƙin mai da shu na birki da sarƙa. Daga cikin alamunsa akwai rubutun kwali da ya dushe ko yake da kuskuren haruffa, da ƙarfe mara nauyi mai kaushin baki, da zaren kusa da bai fita sosai ba, da boris ɗin da ake jin yana ƙaiƙayi idan an juya shi da yatsa. Babbar alama kuwa ita ce farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kayan hannu suna da nasu muhallin. Tanki da murfin gefe da bulok da kan inji da haƙoran giya na tsohon babur ɗan Japan sukan fi sabon kwaikwayo ƙarko. Amma duk abin da yake na roba, kamar sil da taya da tiyo, da duk abin da ke cinyewa da aiki, kamar ring da shu na birki da faifan kuloci, bai kamata a saye shi na hannu ba, domin ƙarfinsa ya riga ya tafi ko da ido bai gani ba.

Inda ake samun kaya

Cibiyar cinikin kayan gyaran babura a Nijeriya ita ce Nnewi ta Jihar Anambra, inda 'yan kasuwar Nkwo suka shafe shekaru da dama suna shigo da kaya daga ƙasashen Asiya, wasunsu ma suka kafa masana'antun ƙera su. Daga can da Legas ne mafi yawan kayan da ke shagunan Arewa ke fitowa. Wanda ke neman kayan hannu ko sashen da ya ɓace daga kasuwa yakan dace a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda kuma ake samun maƙera da masu injin sassaƙa ƙarfe da ke iya ƙera ƙaramin sashe idan an kai musu samfuri. Tsofaffin makanikan Vespa da Roadmaster su ma taska ne, domin da yawansu suna ajiye matattun injina, sun kuma san wanda ke da abin da ake nema a wani gari.

Ko ina mutum zai je, muna jan hankalinsa da ya kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Ya tafi da tsohon sashen da aka cire, a ɗora shi kusa da sabon, a gwada tsawo da kauri da ramukan kusoshi.
2. Ya tafi da lambar inji da ta shasi.
3. Ya yi sharaɗi da mai shago cewa zai dawo da kaya idan bai dace ba, kafin ya biya.
4. Ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da sunan kayan.
5. Idan ta waya ko intanet zai yi oda, ya nemi hoton kayan tare da awonsa, kuma kada ya tura kuɗi ga wanda ba shi da shagon da aka sani.

Gyaran inji: awo kafin saye

Babu inda ake ɓarnar kuɗi kamar gyaran inji. Da zarar babur ya rage ƙarfi ko ya fara hayaƙi, sai a ce a canza fistin da ring. Alhali kuwa toshewar matatar iska, ko dattin kabureta, ko bawul da ya matse, ko salansar da gawayi ya cika a inji mai bugu biyu, kowannensu yana iya kawo irin wannan alama, kuma gyaransa bai kai rabin kuɗin buɗe inji ba. Ƙa'ida ita ce a fara da abu mai sauƙi: a duba fulogi, a duba isowar mai, a duba iska, a daidaita bawul, sannan a gwada matsin inji. Launin bakin fulogi ma yana ba da labari. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi busasshe yana nuna fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na haurowa, fari fat kuwa yana nuna inji na ɗaukar zafi fiye da kima.

Idan ta tabbata ramin bulok ya cinye, sabon ring kaɗai ba zai yi magani ba. Sai an kai bulok ɗin ga masu injin faɗaɗa rami, abin da makanikai ke kira borin. Ana ƙera fistin mai ƙarin girma a matakai huɗu da aka saba da su: milimita 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00, kuma galibi ana buga lambar a saman fistin. Daidai shi ne a fara auna ramin, a sayi fistin na matakin da ya dace, a kai shi tare da bulok domin a faɗaɗa ramin gwargwadonsa. Tsallake mataki ba tare da dalili ba yana rage wa bulok kwana, domin bayan mataki na ƙarshe sai dai a sa masa sabuwar riga ta ƙarfe ko a nemi wani. A lura kuma da kaurin sandar da ke riƙe fistin, domin a injinan da suka bi tsarin CG akwai mai milimita 13, akwai mai 15, ko da yake a ido fistin ɗin iri ɗaya ne.

Tazarar bawul aba ce da ake aunawa da ma'auninta lokacin da inji ya huce. A ƙananan injina samfurin Cub tazarar milimita 0.05 ce, a CG 125 kuwa 0.08. Bakin fulogi a yawancin waɗannan babura yana tsakanin 0.6 da 0.7. Fulogi ma kowane inji da nasa: samfurin Cub yana amfani da NGK mai lamba C7HSA, CG 125 kuma D8EA. Wanda ya fi tsawo yana iya taɓa fistin, wanda zarensa ya bambanta kuma yana lalata ramin kan inji. Bayan an haɗa inji, a sa sababbin gasket da sil, a kuma yi tafiya a hankali ba tare da kaya mai nauyi ba na wasu ɗaruruwan kilomitoci, sannan a juye baƙin mai.

Sassan da rai ya rataya a kansu

Idan inji ya lalace, babur tsayawa yake yi. Idan birki ko taya ko wuya ya ci amana, rai ne ke cikin haɗari, na mai tuƙi da na wanda ya goya da na mai tafiya a ƙasa. Saboda haka muna kira ga jama'a da kada su nemi sauƙin kuɗi a waɗannan wurare.

Shu na birki mara inganci fatarsa takan ɓamɓare ta cije wili ana cikin gudu. Wayar birki da ta fara tsintsinkewa a canza ta gaba ɗaya, kada a ɗaure. Taya tana da girmanta a rubuce a gefe, kamar 2.50-17 ko 2.75-18 ko 3.00-18, inda lambar ƙarshe ke nuna faɗin wili da inci. A gefen yawancin tayoyi akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta daɗe a ajiye takan bushe ta tsattsage ko da ba a taɓa hawanta ba.

Sarƙa da faifan haƙoranta na gaba da na baya tare suke tsufa, don haka tare ake canza su. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Ita ma tana da lamba, 420 ko 428 a yawancin ƙananan babura, kuma ana barin ta da sassaucin kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Shasin da ya tsage a wuya, da ƙafar gaba da ta lanƙwashe a haɗari, ba abin da za a liƙe da walda a bakin titi ba ne a ci gaba da ɗaukar iyali a kai.

Kulawar yau da kullum

Yanayin ƙasarmu yana da tsanani ga inji. Ƙurar hunturu idan ta wuce matatar iska, tana cin bulok da ring tamkar an goga musu yashi. Cire matata domin wai babur ya ƙara gudu, kamar yadda wasu matasa ke yi, gajarta wa inji kwana ne. A riƙa wanke ta soso a shafa mata ɗan mai, ta takarda kuma a canza ta.

Baƙin mai a saye shi a rufe daga wurin da aka amince da shi, a guji wanda ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba. A yawancin babura masu bugu huɗu kuloci yana cikin baƙin mai ne, saboda haka man da aka yi domin babur, mai alamar JASO MA, shi ya fi dacewa. Wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi. Fetur ɗin bumburutu kuwa yakan zo da ruwa ko ƙasa ko gaurayen kananzir. Ƙaramar matatar mai tsakanin tanki da kabureta ba ta da tsada, tana kuma hana wahala mai yawa, musamman a tsohon tankin da ya fara tsatsa.

Doka da takardu

Satar babura matsala ce da ta addabi jama'a, kuma sau da yawa ɓarayi farfasa babur suke yi su sayar da sassansa. Dokar Final Kod ta ɗauki karɓar kayan sata da saninsa a matsayin laifi mai hukuncin ɗauri. Duk wanda zai sayi inji sukutum ko shasi na hannu, ya tabbatar an rubuta masa takardar ciniki mai ɗauke da lambar abin da ya saya da sunan mai sayarwa da shaidu. Idan an ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, a bar kayan komai arahar su. Wanda ya canza inji kuma ya je ofishin lasisin ababen hawa a gyara masa takardunsa, domin lambar da ke jikin babur ta dace da ta takarda.

Wanda aka sayar wa jabu yana da inda zai kai kuka. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin sa ido kan ingancin kayan da ake ƙerawa da waɗanda ake shigowa da su, hukumar FCCPC kuma tana karɓar ƙorafin masu saye. Shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin makanikai su ma sukan sasanta irin wannan rikici. A duk waɗannan wurare rasit ne hujjar mai ƙara. Har ila yau muna tunatar da jama'a cewa sanya hular kwano wajibi ne a doka, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta shi a faɗin ƙasa tun ranar 1 ga Janairun 2009.

Kira ga makanikai

Mafi yawan abin da muka zayyana a hannun makanikai yake. Amana ta buƙaci makanike ya nuna wa mai babur abin da ya lalace kafin ya saya, ya faɗa masa gaskiyar irin kayan da ya sa, ya kuma mayar masa da tsohon da ya cire. Ma'aunin tazara da ma'aunin kauri ba su da tsada idan aka kwatanta da kuɗin inji guda da aka lalata da guduma da kurfi. Muna kuma roƙon iyayen gida a garejoji da su koya wa yaransu karanta lamba da awo, su ƙarfafa musu gwiwar neman takardar shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Tsohon baƙin mai a tara shi a mazubi, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya. Mataccen batir kuma yana ɗauke da dalma da ruwan batir mai ƙuna, don haka a nisanta shi daga yara.

Kammalawa

Kafin mutum ya fara babban gyara, yana da kyau ya zauna da makanikensa su yi lissafin duk abin da ake buƙata, su kwatanta da kuɗin wani babur ɗin na hannu mai lafiya. Idan shasi lafiyayye ne, takardu sun cika, kuma ana samun kayan injin ko na danginsa, gyara ya fi riba. Idan kuwa shasi ya ruɓe ko lambobi suna da shakka, gara a haƙura. Muna fatan masu karatu za su isar da wannan bayani ga 'yan uwa da maƙwabta da ba su sami damar karantawa ba, musamman mazauna karkara. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.